Nikolai Vavilov: Ya tara irin hatsin duniya, yunwa ta kashe shi a kurkuku

Manomin da ya san abin da yake yi, a Bibemi ne ko a Pitowa, ba ya taɓa dawar iri ko da rumbu ya koma wayam. Tun ranar girbi yake zaɓar zangarniya mafi kyau, ya rataye ta inda hayaƙi ke kaiwa saboda ƙwari. To akwai wani mutumin Rasha da ya ɗauki wannan ɗabi'a ya mayar da ita aikin kimiyya, ya so ya yi wa duniya gaba ɗaya rumbun iri. Sunansa Nikolai Vavilov.

An haife shi a Mosko a 1887, mahaifinsa attajiri ne. Ya karanci aikin gona, ya ƙaro ilimin gadon halitta a Ingila. A 1916 aka tura shi Iran ya binciki wata cuta da ke jirkita sojojin Rasha. Ya gano cewa 'ya'yan wata muguwar ciyawa ne ke shiga cikin alkamar burodinsu. Da ya gama, bai koma gida ba, sai ya bi ƙauyuka yana karɓar iri a hannun manoma. Daga nan fa yawo ya kama shi: Afghanistan a 1924, sannan Aljeriya, Maroko, Siriya da Falasɗinu, daga baya har Amurka ta Kudu.

Tunaninsa mai sauƙin ganewa ne. Kowane amfanin gona yana da ƙasarsa ta asali, kuma a can ne ake samun kalolinsa da yawa: wani ya jure fari, wani ya fi ƙarfin cuta, wani ya nuna da wuri. Mai son samar da sabon iri dole ya koma can ya ɗebo. In tsohon iri ya ɓace, shi ke nan, babu ɗakin binciken da zai ƙera shi.

A farkon 1927 yana Habasha. Ya gana da Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Haile Selassie, sannan ya ratsa duwatsu da ayarin alfadarai yana tara alkama, sha'ir da dawa. Ya ɗauka Habasha ce mahaifar dawa. A nan dai masana na baya, irin su Ba'amurke Jack Harlan, sun yi masa gyara, suka nuna cewa asalin dawa ya bazu a faɗin yankin da ya taso daga Sudan zuwa wajen Tafkin Chadi. Wato ƙofar gidanmu ke nan. Vavilov bai taɓa zuwa Kamaru ba, amma da ya ga masakwa da ya sha mamaki: dawar da ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke, ta rayu da laimar ƙasar karal kawai, ga safrari, ga majeri, ga burguri, kowace da irin ƙasar da take so. Ba wani likitan gona ne ya zaɓo su ba, manoma ne, shekara bayan shekara. Shi ya sa nake ganin duk sabon irin da masu bincike na IRAD za su kawo, irin su S35, a karɓa hannu bibbiyu, amma kada a zubar da na kaka.

Kafin 1940 cibiyarsa da ke Leningrad ta tara samfurin iri kusan 250,000, babu kamarta a duniya. Amma siyasa ta riga ta juya masa baya. Bayan yunwar 1932 zuwa 1933, wadda tilasta wa manoma shiga gonakin gwamnati ya jawo, Stalin yana neman mai yi masa alkawarin amfani nan take. Sai ga Trofim Lysenko, wanda ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya ce in an jiƙa iri aka sanyaya shi halinsa zai sauya, har 'ya'yansa su gada. Shi kuwa Vavilov ya dage cewa samar da iri mai kyau aikin shekaru ne. Kun san wanda mai mulki zai saurara a cikin biyun nan.

A watan Agusta 1940 aka kama shi yana tsakiyar tara iri a yammacin Yukren. Aka yi watanni ana tuhumarsa, aka yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20.

Yana tsare sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, kwana 872. Ma'aikatan cibiyarsa suka ci gaba da gadin irin daga ɓeraye, sanyi da mayunwata. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, yunwa ta kashe shi alhali shinkafa na kewaye da shi. Aleksandr Shchukin, masanin gyaɗa, a kan teburinsa aka tarar da gawarsa. Ba su ci irin ba.

Rumbunan iri na yau sun bi sawunsa: na ICRISAT a Indiya, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, inda ake adana gero, dawa da gyaɗa, da na ICARDA da aka kafa kusa da Halab saboda ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Da yaƙin Siriya ya raba ICARDA da rumbunta, a 2015 sai ta je Svalbard, can cikin ƙanƙarar Norway, ta karɓo ajiyar da ta yi, ta sake shukawa a Lebanon da Maroko.

Shi Vavilov ya rasu ranar 26 ga Janairu 1943 a kurkukun Saratov, yana da shekara 55, yunwa ta cinye shi. A 1945 aka naɗa ƙaninsa Sergei shugaban majalisar masana kimiyya ta ƙasar. A 1955, bayan mutuwar Stalin, gwamnati ta wanke sunansa, daga baya aka sa wa cibiyar sunansa. An binne shi ne a ramin gayya tare da sauran fursunoni, kuma har yau ba a tantance ainihin inda yake kwance ba.