Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865-1944) da Filin Wasan da Ya Zama na Gida

A garin St Andrews na ƙasar Sikotlan akwai tsohon filin wasan golf wanda tun shekarar 1764 yake da ramuka 18, kuma har yau bai sauya kamanni sosai ba. Abin da ya tsare shi shi ne mutanen garin sun ɗauke shi nasu, har ma a yawancin ranakun Lahadi akan dakatar da wasa domin jama'a su shiga su sha iska. Turawan mulkin mallaka sun zo Arewacin Nijeriya da wannan wasa, suka shimfiɗa masa filaye a bariki, kamar na Kano da na Rayfield a Jos. Saboda ƙarancin ruwa, akan daɓe kewayen ramin da yashi haɗe da mai a maimakon ciyawa. Filayen suna nan, amma wasan bai shiga cikin ganuwa ba. Wasan Turawan da ya yi saiwa a ƙasar Hausa shi ne folo, wato ƙwallon dawaki, kuma tarihinsa ba ya cika sai da sunan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

An haifi Dikko a shekarar 1865 a gidan Sulluɓawa. Mahaifinsa Gidaɗo shi ne Durɓin Katsina, kuma Dikko ya riƙe wannan sarauta bayansa. Ya tashi a zamanin da doki shi ne ƙarfin ƙasa, lokacin da ake ta fafatawa tsakanin Katsina da Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa mulki bayan jihadi. Saboda haka ya san sirdi da linzami tun kafin ya san Bature.

A 1903 Gwamna Lugga ya iso Katsina. Ba a jima ba Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar suka naɗa Yero, sannan a 1906, shekarar tawayen Satiru, suka tuɓe Yero shi ma. Da goyon bayan jami'in mulki H. R. Palmer aka ba Dikko sarauta. Da haka mulki ya bar gidan Dallazawa, wanda ya riƙe shi kusan shekara ɗari tun daga Ummarun Dallaje. Wannan sauyi bai yi wa kowa daɗi ba, kuma masu nazarin tarihin Katsina sun daɗe suna muhawara a kansa: wasu suna kallon Dikko a matsayin wanda Turawa suka ɗora, wasu kuwa a matsayin wanda ya karanci zamani ya tsirar da abin da zai tsiru.

Ko ta wace fuska aka dube shi, ayyukansa sun nuna hali guda, wato karɓar baƙon abu a dasa shi a kan tushen da jama'a suka sani. A zamaninsa Katsina ta zama ta farko wajen kafa Baitulmali na En'e, tsarin da sauran masarautu suka bi. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, amma gininta na ƙasa yana nan, ya zama gidan tarihi. A 1921 Dikko ya tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta, abin da ba a saba gani ba a lokacin, ya kuma ziyarci Ingila inda ya gana da Sarki Joji na Biyar.

A irin wannan tsari ne folo ya sami gindin zama a Katsina. Wasa ne na mahaya huɗu a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 300. Ga mutanen da suka gaji sukuwa da hawan Sallah, babu wani baƙon abu a cikinsa sai sanda da ƙwallo da ƙa'ida. Bayan an daina yaƙi, barade da dawakinsu sun rasa fagen nuna bajinta, sai Dikko ya samar musu da sabo. Ya ƙarfafa 'ya'yansa da fadawansa su shiga, har Katsinawa suka riƙa karawa da hafsoshin Turawa a wasan da Turawan suka kawo. Golf bai sami wannan gata ba, domin ba shi da dangi a al'adun gida, kuma filinsa yana bayan shingen kulob.

Dikko ya rasu a 1944 bayan kusan shekara 38 a kan mulki. Muhammadu Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa. Ɗansa Usman Nagoggo, wanda ya gaje shi ya yi sarauta har 1981, ya yi fice a cikin gwanayen folo na Nijeriya. Jikokinsa Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman su ma sun riƙe sandar, kuma har yanzu ana gudanar da gasar folo a Katsina.

A yau da birane suke cinye filayen da ke kewaye da su, ana yanka makiyaya da filayen wasa ana sayarwa fuloti-fuloti, rayuwar Dikko tana da abin da za ta koyar da masu nazarin al'ada. Takardar mallaka kaɗai ba ta tsare fili. St Andrews da Katsina sun yi tarayya a abu guda: fili yakan daɗe ne idan mutanen gari suna ganin kansu a cikinsa, suna kuma da dalilin komawa gare shi shekara bayan shekara.