Tarihin Robat Taft, Dattijon Ohayo, Da Gardamar Makarantun Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar gardama wadda ta daɗe tana raba kawunan manya, watau gardamar wa ya kamata ya riƙe makarantun yara, Gwamnatin Tarayya da ke Washinton, ko kuwa jihohi da gundumomi. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan gardama akwai Robat Taft, mutumin Jihar Ohayo, wanda ya fara da ƙin jinin kuɗin Tarayya, daga baya ya komo ya nema wa makarantu kuɗin da kansa, amma bisa sharaɗi.

An haife shi ran 8 ga watan Satumba, 1889, a birnin Sinsinati. Ɗan babban gida ne. Ubansa, Wilyam Hawad Taft, ya yi Gwamnan tsibiran Filifin, inda Robat ya yi wani yanki na ƙuruciyarsa, sa'an nan ya yi Shugaban Ƙasa daga 1909 zuwa 1913, daga ƙarshe ya zama Alƙalin Alƙalai. Yaron ya yi karatu a makarantar ƙanen ubansa, ya wuce jami'ar Yel ya fita a 1910, ya koyi aikin lauya a Habad ya fita a 1913, kuma duk wuraren biyu shi ne na ɗaya a ajinsa. A 1914 ya auri Marta Bawas, suka haifi 'ya'ya huɗu maza. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko ya nemi aikin soja, aka ƙi shi saboda raunin ido, sai ya bi Habat Huba suka yi aikin tanadin abinci, har ya je Faris wajen rabon taimako ga mayunwatan Turai.

Taft ba mutumin fara'a ba ne. Yana da kunya, ba ya iya hira da baƙo, in kuwa magana ba ta yi masa ba sai ya faɗa wa mai ita a gaban idonsa. Abin da ya iya shi ne karatun takardu da lissafi. Matarsa ita ce mai daɗin baki, ita ta ke sa taro dariya lokacin neman ƙuri'a.

A 1921 ya shiga Majalisar Jihar Ohayo. Nan ne ya fara karo da maganar makaranta. A 1925 ƙungiyar nan ta Ku Klux Klan, masu ƙin baƙar fata da Katolika da Yahudawa, ta goyi bayan wata doka da za ta tilasta wa malamai karanta ayoyin Baibul kowace safiya a makarantun gwamnati. Taft ya tashi ya soki dokar, ko da ya ke shi ma Kirista ne, domin a ganinsa hukuma ba ta da ikon ɗora wa 'ya'yan mutane ibada. Majalisa ta rinjaye shi, amma Gwamna ya ƙi sa hannu, dokar ta mutu.

To, kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda makarantun ƙasar su ke. Tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilmi ba ko sau ɗaya, gyara na goma kuwa ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a ba Tarayya ba. Saboda haka kowace jiha ke tsara nata ilmi, ita kuma ta sakar wa gundumomi mafi yawan aikin. Mutanen gunduma su ke zaɓen hukumar makarantarsu, su ke ɗaukar malami, su ke biyansa daga harajin gidaje da gonaki. Wajen 1932 irin waɗannan gundumomi sun fi 120,000. Daɗin abin shi ne uba yana iya taka ƙafa ya je ya sami wanda ke da iko da makarantar ɗansa. Aibinsa kuwa, gundumar da ba ta da dukiya ba ta da makarantar kirki. Tun a shekarun 1880 wani dattijo mai suna Bileya ya kawo dokar taimakon Tarayya, Majalisar Dattawa ta yarda har sau uku, Majalisar Wakilai ta ƙi.

A 1938 aka zaɓi Taft ya shiga Majalisar Dattawa a jam'iyyar Ribablikan. Ya tarar da Shugaba Rozabelt yana ta faɗaɗa ikon Tarayya, shi kuwa ya tsaya yana ja da shi kusan a kowane abu. A 1943 dattawa biyu na jam'iyyar Dimokurat, Tomas na Yuta da Hil na Alabama, suka kawo dokar da za ta ba jihohi dala miliyan 300 don makarantu, kashi biyu cikin uku na ƙarin albashin malamai ne. Taft ne ya ja ragamar masu ƙi. Hujjarsa ita ce ilmi aikin jiha ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: ranar da jiha ta saba da kuɗin Washinton, ranar ce ma'aikatan Washinton za su fara gaya mata littafin da za a karanta da malamin da za a ɗauka. Yana ganin ƙasar da ofis ɗaya ke tsara abin da ke shiga kan dukan yaranta ta kama hanyar mulkin kama-karya, ga misalin Jamus kuwa a gaban kowa a lokacin.

Yadda aka kashe dokar ba abin yabo ba ne. Wani dattijo, Langa na Dakota ta Arewa, ya kawo gyara cewa kada a nuna bambancin launin fata wajen kashe kuɗin makaranta, har da kuɗin jiha. Taft da mutanensa suka goyi baya, sun kuwa san sarai dattawan Kudu, inda makarantun farare da na baƙaƙe su ke a rabe, ba za su haɗiye wannan ba. Haka aka yi. Gyaran ya shiga, mutanen Kudu suka janye, aka mai da dokar kwamiti, ba ta sake fitowa ba. An yi amfani da haƙƙin yaran baƙar fata aka ci gardama, su yaran kuwa ba su sami ko anini ba.

Amma Taft yana da hali guda wanda ba kasafai a ke samu wurin 'yan siyasa ba: in lissafi ya ƙaryata shi, yana yarda. Yana cikin kwamitin ilmi, sai ya zauna ya bi alƙaluman jihohi ɗaya bayan ɗaya. Da ya ke zato jihohin Kudu rowa ce ta hana su gyara makarantu. Sai ya tarar jiha irin Misisifi tana zuba wa ilmi kaso mai girma na ɗan abin da ta ke samu, har ya fi na waɗansu jihohi masu arziki, amma duk da haka abin da ke isa kan kowane yaro bai taka kara ya karya ba, yaron baƙar fata kuwa shi ne a can ƙasa. Ga kuma ɗimbin samari da hukumar soja ta mayar gida lokacin yaƙi don ba su iya karatu da rubutu ba. Taft ya ga cewa yaron da aka haifa a gundumar talakawa ba shi ya zaɓi wurin haihuwarsa ba, ba kuwa za a ce masa ya yi tsere da ɗan Niyok ba alhali ba a koya masa ko baƙi ba.

A 1946 ya fito fili ya ce ya sake ra'ayi, ya haɗa hannu da Tomas da Hil, mutanen da ya kayar shekara uku da suka wuce. Abokansa na jam'iyya suka yi mamaki, har waɗansu suka riƙa raɗe-raɗin cewa 'yan gurguzu sun shiga kansa. Tsoronsa na farko dai yana nan, sai ya mai da shi sharaɗi a cikin dokar. Kuɗin, dala miliyan 300 a shekara, za a miƙa su ga jiha, ita za ta raba. Kowace jiha za ta sami aƙalla dala 5 a kan kowane yaro, matalautan jihohi su sami fiye da haka nesa, don kada abin da a ke kashe wa yaro a shekara ya gaza dala 50 ko'ina. Sa'an nan aka rubuta ƙarara cewa babu wani ma'aikacin Tarayya da ke da ikon sa baki a kan abin da a ke koyarwa, ko littattafai, ko ɗaukar malamai, ko tafiyar da makaranta. Maganar raba farare da baƙaƙe kuwa ya bar ta yadda ya same ta, iyaka ya ce a raba kuɗin da adalci tsakanin makarantun biyu. Nan iyakar ra'ayinsa ta bayyana, domin ikon gunduma da ya ke karewa shi ne kuma inuwar da masu wariya ke fakewa a ciki.

A watan Afrilu, 1948, Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 58 da 22. Shugabannin jam'iyyarsa a Majalisar Wakilai suka danne dokar, ko ƙuri'a ba a jefa ba. A 1949 dattawa suka sake amincewa, 58 da 15. Wannan karon addini ne ya kashe ta. Taft ya bar wa kowace jiha ta yanke ko makarantun coci za su ci daga kuɗin bisa ga dokarta, amma wani wakili, Badin na Karolina ta Arewa, ya kawo tasa dokar wadda ta fid da su ɗungum. Kadinal Sifelman na Niyok ya husata, uwargidan marigayi Rozabelt ta mai da masa martani a jarida, ƙasa ta ɗauki zafi, kwamiti ya kasa fid da kome.

Sauran al'amuransa an fi saninsu. Sunansa na kan dokar ƙwadago ta 1947 wadda ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikata, aka zartar da ita bisa ƙin Shugaba Turuman. Ya soki shari'ar Nurambag a 1946, ya ƙi ƙawancen NATO a 1949, ya kuma taimaka aka yi dokar gina wa talakawa gidaje a wannan shekara. Sau uku ya nemi jam'iyya ta tsai da shi takarar Shugaban Ƙasa, a 1940 da 1948 da 1952, sau uku yana faɗuwa, na ƙarshen a hannun Janar Aisanhawa. A Janairun 1953 ya zama shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa. Bai yi wata huɗu ba ciwo ya kama shi a kwatangwalo, likitoci suka ce daji ne. Ya mutu a Niyok ran 31 ga Yuli, 1953, yana da shekara 63. A 1957 wani kwamiti ƙarƙashin Jon Kenedi ya sa shi cikin dattawa biyar da suka fi fice a tarihin Majalisar, a 1959 kuma aka buɗe hasumiya mai ƙararrawa 27 da sunansa kusa da ginin Majalisa.

Kuɗin da ya nema sun zo bayansa, a 1958 da kuma 1965 zamanin Shugaba Jonsin, aka rubuta irin sharaɗinsa a cikin dokokin, haka ma a dokar 1979 wadda ta kafa Ma'aikatar Ilmi. Abin da ya ji tsoro shi ma ya zo. A Janairun 2002 Shugaba Bush, ɗan jam'iyyarsa, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa duk jihar da ke karɓar kuɗin ta riƙa jarraba yara kowace shekara a karatu da lissafi daga aji uku zuwa takwas, tare da horo ga makarantar da ta gaza. A garin Hamilton na Ohayo aka sa hannun, Gwamnan jihar a lokacin kuwa jikan Taft ne. Daga 2009 aka riƙa jawo jihohi da kyautar kuɗi su karɓi ma'aunin ilmi na bai ɗaya, fiye da arba'in suka karɓa, iyaye da majalisun jihohi da dama suka yi ca. A 2015 Majalisa ta yi sabuwar doka ta hana Sakataren Ilmi tilasta wa jiha wani ma'auni ko jawo ta da kuɗi a kansa. A watan Maris, 2025, Shugaba Tiramp ya sa hannu a kan umurnin a fara shirin rufe Ma'aikatar Ilmin, a mai da aikinta ga jihohi.