Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Kano Malam Ibrahim Dabo (1819 – 1846)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na ɗaya daga cikin mazajen da suka haɗa ilimi da takobi, wato Sarkin Kano Malam Ibrahim Dabo, wanda ake wa laƙabi da Cigari, Allah Ya yi masa rahama.

Nasabarsa da tasowarsa

Malam Ibrahim ɗan Malam Mahmudu ya fito daga Fulanin Sulluɓawa, waɗanda ke zaune a yankin Ƙiru, kudu maso yamma da birnin Kano. Ya tashi a gidan malamai, ya sha karatu tun yana ƙarami. Yayansa, Malam Jamo, shi ne jagoran Sulluɓawa a lokacin da kiran Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Baƙadiren malamin nan na Degel, ya iso ƙasar Kano bayan hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Dabo yana cikin jama'ar da ta yi jihadin Kano, wanda ya kai ga karya rundunar Sarki Muhammadu Alwali a Ɗanyaya, arewa da birni. Bayan rasuwar Malam Jamo, jagorancin Sulluɓawa ya dawo hannunsa.

Hawansa gadon sarauta

Malam Sulaimanu, sarkin farko bayan jihadi, ya rasu a 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Malam Ibrahim Dabo a gurbinsa. Lokaci ne mai tsanani ƙwarai. Shekara biyu ke nan da wafatin Shehu, tawaye ya ɓarke a sassa daban-daban na daula, Sarkin Musulmi kansa yana fama da abokan gaba a yamma. A Kano ma garuruwa da dama suka ƙi yin mubaya'a, har ikon sabon sarki ya kusa taƙaita ga birni da kewayensa.

Masu tarihin Kano sun ruwaito cewa kafin ya ɗaura sirdi, sai da Dabo ya shiga halwa ta kwana arba'in yana ƙanƙan da kai ga Ubangijinsa, yana neman nasara. Da ya fito, ya bi garuruwan da suka yi tawaye ɗaya bayan ɗaya, irin su Jasko da Sankara da Rano, har suka dawo ƙarƙashin biyayya. Daga nan laƙabin Cigari ya samo asali.

Yaƙin arewa

Gwagwarmayar da ta fi daɗewa ita ce ta arewacin Kano, inda Ɗantunku, shugaban Yarimawa, wanda shi ma ya ba da gudunmawa a jihadi, ya ƙi amincewa da zama a ƙarƙashin Kano. Manoma da makiyayan wannan shiyya, wadda a yau ta ƙunshi Ɗambatta da Bichi da Kunci da Tsanyawa, sun ɗanɗana ɗacin zaman ɗarɗar na shekaru. Dabo ya kafa ribaɗi a Fanisau, ya tare a can da dakarunsa domin ya tsaya tsakanin birni da maharan. A Fanisau ɗin ne Baturen Ingila Hugh Clapperton ya same shi a farkon 1824. Daga ƙarshe Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, jinin Musulmi ya daina zuba a kan wannan iyaka.

Tsarin mulkinsa

Dabo ya gane cewa abin da takobi ya ci, sai tsari ke riƙe shi. Saboda haka, da izinin Sakkwato, ya farfaɗo da tsofaffin sarautun Kano irin su Galadima da Madaki da Makama da Sarkin Bai, ya raba su tsakanin gidajen da suka yi jihadi, kowane gida ya san matsayinsa da haƙƙin da ke wuyansa. Wannan ya kwantar da hankalin manya, hanyoyin fatake suka buɗe, Kasuwar Kurmi ta cika da baƙi daga Barno da Agadas da Gwanja. Duk da hidimar mulki bai bar alƙalami ba, domin ana jingina masa littafin Kafful Ikhwan. Alƙali Muhammadu Zangi kuma ya taskace labarin zamaninsa a cikin Taƙyidul Akhbar.

Rasuwarsa

Allah Ya karɓi ransa a 1846, daidai da 1262 bayan Hijira. 'Ya'yansa uku suka gaje shi a jere: Usmanu Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello. Daga zuriyarsa sarakunan Kano na baya suka fito, har da marigayi Alhaji Ado Bayero (1963 – 2014), shi ya sa ake kiran gidan sarautar da Gidan Dabo.

'Yan'uwa masu halartar wannan taro mai albarka za su lura cewa bawan Allahn nan ya fara da halwa kafin fagen fama, ya kuma karɓi sulhu lokacin da shugabansa ya zartar da shi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.