Rashidi Yekini: Daga ƙungiyar masaƙar Kaduna zuwa kasuwar ’yan wasa ta duniya

Da zarar an rufe kakar wasa a Turai, aka buɗe kasuwar cinikin ’yan wasa, sai gardama ta tashi daga gidajen kallo ta koma majalisu da teburan masu shayi, tun daga Kawo da Unguwar Dosa har Malali da Unguwar Rimi. Wane za a saya, wane za a sallama, nawa ne albashin wane a mako, kuma shin ya ci kuɗinsa? Matashin da bai taɓa ganin takardar kasafin ƙaramar hukumarsa ba zai lissafo maka Yuro miliyan 75 da Galatasaray ta biya a kan Victor Osimhen a 2025. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wanda ya fi muhimmanci ga mai buga ƙwallon: wa ke biyan albashin, kuma me ke faruwa da ɗan wasa ranar da mai biyan ya janye hannu?

Rayuwar Rashidi Yekini amsa ce ga wannan tambaya. A Kaduna aka haife shi, a Kaduna ya fara wasa, sannan ya yi wa ƙungiyoyi 12 aiki a ƙasashe 8 cikin shekara 24. Kusan kowace ƙaura da ya yi tana da alaƙa da halin da aljihun mai ƙungiyar, ko tattalin arzikin ƙasa, ko siyasarta, ya shiga.

Garin masaƙu

An haifi Yekini ranar 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne ’yan asalin garin Ira da ke Jihar Kwara ta yanzu, suna cikin dubban mutanen da neman abinci ya kawo hedikwatar Jihar Arewa. Kadunar wancan zamani gari ne na ma’aikata. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, masaƙar UNTL da kamfanin ƙera makamai na DIC kuma suka biyo baya a shekarun 1960. Gwamnati da ofisoshinta da filin wasa na Ahmadu Bello suna arewacin kogi, masana’antu suna kudancinsa, gada tana haɗa su.

A lokacin, a hukumance, babu ƙwallon sana’a a Najeriya. Kamfani ko ma’aikatar gwamnati ce ke kafa ƙungiya, ta ɗauki ɗan wasa a matsayin ma’aikaci, sunansa ya shiga takardar albashi tare da na masinja da akawu. Haka DIC ta mallaki DIC Bees, UNTL ma ta mallaki tata ƙungiyar. A wannan ƙungiya ta masaƙa Yekini ya fara fitowa a 1981, yana ɗan shekara 17 zuwa 18, dogo, ƙaƙƙarfa, mai gudu da bugu mai nauyi. Tsarin yana da alfanunsa, domin muddin injin masaƙa na juyawa, albashi na zuwa a ƙarshen wata. Sai dai ƙungiyar ba ta da wata rayuwa tata. Ƙarfinta na kamfani ne, mutuwarta ma ta kamfani ce.

Daga hannun gwamna zuwa hannun attajiri

A 1982 ƙungiyar IICC Shooting Stars ta Badun ta ɗauke shi. Ita kuma tana ƙarƙashin wani kamfanin zuba jari ne na gwamnatin Jihar Oyo. Ta lashe gasar ƙasa a 1983, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1984, shekarar da Yekini ya fara sa rigar Najeriya. Zamalek ta Masar ta doke su a Alƙahira, ta sake doke su a Legas. Abin da ya biyo baya darasi ne a kan ƙungiyar gwamnati: gwamnan soja na jihar, Oladayo Popoola, ya rusa tawagar. ’Yan wasan da suka zo na biyu a duk faɗin nahiya suka wayi gari suna neman inda za su sa kansu.

Yekini ya faɗa Abiola Babes ta Abeokuta, mallakar attajiri Moshood Abiola, wadda take cikin ƙungiyoyin da suka fi biyan kuɗi a lokacin. Ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. A karo na biyun, ƙungiyar da ta doke a wasan ƙarshe ta garin haihuwarsa ce, wato Ranchers Bees, wadda ita ce tsohuwar DIC Bees bayan ta koma hannun ɗan kasuwa Muktar Aruwa. Ba a jima ba Abiola ya rufe ƙungiyarsa, a daidai lokacin da kamfanin Leventis ma ya rufe tasa. Wannan ne ya ba Ranchers Bees gurbin wakiltar Najeriya a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988, inda ta kai wasan ƙarshe, Bizerte ta Tunisiya ta doke ta.

Cikin shekara shida ke nan Yekini ya ɗanɗani iyayen gida iri uku: kamfani, gwamnati da attajiri. Biyu daga cikinsu sun watsa ’yan wasansu da magana ɗaya, babu wata ƙungiyar ƙwadago ko kotun wasanni da ta tsaya musu.

Naira ta faɗi, hanya ta buɗe

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu a 1987, ta doshi takwas a 1990. A Kwaddibuwa kuwa, sefa tana ɗaure da faran na Faransa, saboda haka albashin Abijan ya fi na Legas auki nesa ba kusa ba. Stephen Keshi ne ya fara bin wannan hanya a 1985, bayan hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi da wasu abokan wasansa bisa zargin jinkirin zuwa sansani. Daga Abijan ya tsallaka Beljiyam. Yekini ya bi sawunsa a 1987, ya shiga Africa Sports, ya yi shekara uku yana cin ƙwallaye a can.

A 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru, Vitória de Setúbal ta Fotugal ta saye shi. Yana da shekara 26 a lokacin, shekarun da ’yan wasan yau suke cin babban kwantiraginsu na biyu. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a kakarsa ta farko, ya zauna da ita. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34, ta dawo rukunin manya. A kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a gasar da Benfica da Porto da Sporting suke ciki. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, ɗan Najeriya na farko da ya karɓi wannan kyauta tata.

Shekarar 1994

Da rigar ƙasa, Yekini ya ga Najeriya ta zo ta biyu a gasar cin kofin Afirka a 1984 da 1988 da 1990, ta zo ta uku a 1992, inda ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu. A Tunisiya a 1994 ya ci biyar, aka zaɓe shi gwarzon gasa, Najeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1 ta ɗauki kofi ranar 10 ga Afrilu.

Ranar 21 ga Yuni, a birnin Dallas na Amurka, Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta ragar Balgeriya a minti na 21. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar kofin duniya. Ya bi ta cikin raga, ya damƙi igiyoyin da hannu biyu yana girgizawa yana kuka. Wannan hoto ya zaga duniya. A gida kuwa ƙasa tana cikin rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Kwana biyu bayan wasan, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Abiola, tsohon maigidan Yekini, wanda bai sake fitowa da rai ba. Italiya ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu ranar 5 ga Yuli.

Siyasa ta ci gaba da bin sawun tawagar. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995 da ce-ce-ku-cen da ya biyo baya da Nelson Mandela, Abacha ya hana ta zuwa Afirka ta Kudu kare kofinta a 1996, CAF kuma ta haramta mata gasar 1998. Yekini bai sake buga gasar ba. Ya tsaya a ƙwallo 13 a cikinta, da 37 gaba ɗaya ga ƙasarsa, adadin da har shekara goma bayan rasuwarsa babu ɗan Najeriyar da ya kamo shi.

Kasuwar da ta ci bayan ya tashi

Bayan gasar duniya Olympiacos ta Girka ta saye shi, yana da shekara 30. Zaman bai yi daɗi ba, wasannin da ya buga ba su taka kara sun karya ba. Ya koma Sporting Gijón ta Sifaniya, inda ya ci ƙwallo uku kacal a gasar ƙasar, ya sake leƙa Setúbal, sannan ya farfaɗo a Zürich ta Suwizalan da ƙwallo 14, abin da ya sa aka tafi da shi gasar duniya ta 1998 a Faransa. Daga nan sai Bizerte, sai Al-Shabab ta Saudiyya, sai Africa Sports kuma, sai Julius Berger. A 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abeokuta.

A daidai lokacin da ƙarfinsa ya fara raguwa ne dokokin kasuwar suka sauya. Kafin Disamba 1995, ƙungiya a Turai tana iya riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, sai an biya ta. Wani ɗan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya kai ƙara kotun Tarayyar Turai, ta rushe wannan ƙa’ida. Amurka ta riga ta ga irin wannan gwagwarmaya a wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda: a 1969 ƙungiyar St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood da wasu ’yan wasan Philadelphia ba da yardarsa ba, ya ƙi tafiya, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Ya faɗi shari’ar a 1972, amma bayan shekara uku takwarorinsa suka samu ’yancin zaɓen inda za su yi wasa. A wasannin biyu, wannan ’yanci da kuɗin talabijin ne suka haifar da albashin da ake gardama a kansa yau. Flood da Bosman ba su ci moriyarsa ba, Yekini ma ƙurarsa kawai ya gani.

Ƙarshen rayuwa

Ya zauna a Badun, ya janye jiki daga jama’a. An san shi da ibada da kyauta da gudun taro, kuma yakan je filin wasa ya yi atisaye kamar mai jiran kira. Jaridu sun ruwaito cewa ya yi asarar kuɗi mai yawa a wata harkar kasuwanci, sun kuma ruwaito cewa yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, maganar da wasu makusantansa suka musanta. An ɗauke shi daga gidansa da sunan nema masa magani. Ranar 4 ga Mayu, 2012, aka sanar da rasuwarsa yana da shekara 48, aka yi masa sutura a Ira. Allah Ya jiƙansa.

Takwarorinsa na 1994 ma sun ga yadda alƙawarin hukuma yake. Gidajen da gwamnatin Abacha ta ce za ta ba su, sai a Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba mutum 22 da suka rage, bayan shekara 27. Keshi, kyaftin ɗin tawagar, ya riga ya rasu tun 2016.

Abin da ya rage wa Kaduna

Yekini ne ya share fage, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da gwanaye. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees zuwa Club Brugge, daga can Everton ta saye shi fam miliyan 3 a 1994. Tijjani Babangida ya kai Ajax, Celestine Babayaro ya kai Chelsea, Garba Lawal ya buga gasar duniya har sau biyu. Masaƙun da suka riƙe ƙwallon garin kuwa sun durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma’aikata suka rasa abin yi. Akasarin ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya a yau na gwamnatocin jihohi ne, wato tsarin da ya watsa Shooting Stars a 1984 shi ne ya yi saura, kuma koken bashin albashi da kuɗin sa hannu bai daina fitowa daga bakin ’yan wasa ba.

Akwai ƙofa ɗaya da ba a buɗe ba a zamanin Yekini. Tun 2001 dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne rajista: sai ƙungiyar tana cikin kundin hukuma, sunan yaron da shekarun da ya yi a hannunta kuma suna rubuce. Koci da ke tara yara a filin makarantar firamare a Badarawa ko Unguwar Shanu, idan babu wannan takarda, ko yaronsa ya kai Yuro miliyan 20, sisi ba zai shigo unguwar ba. Wannan aikin hukumar ƙwallon jiha ne da ma’aikatar wasanni, waɗanda kasafin kuɗinsu ke bi ta gaban majalisar dokokin jiha kowace shekara. Ƙungiyoyi nawa aka yi wa rajista, nawa ya shigo daga waje ta wannan hanya, kuma wata nawa ’yan wasan jihar ke bin bashi, tambayoyi ne da kowane mai ƙuri’a a Kaduna yake da haƙƙin yi wa wakilinsa.