Amy Johnson: Matar da ta tuƙa jirgi ita kaɗai zuwa Ostireliya, ta ƙare a ruwan Thames

Ranar 5 ga Janairun 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wata mata ta tashi da jirgin sama ƙirar Airspeed Oxford daga Blackpool a Ingila domin kai shi sansanin sojin sama na Kidlington, kusa da Oxford. Tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba, amma jirgin bai isa ba. Matar ita ce Amy Johnson, wadda a lokacin babu matuƙiyar jirgi da ta kai ta suna a Birtaniya.

An haife ta a birnin Hull ranar 1 ga Yulin 1903, mahaifinta babban ɗan kasuwar kifi ne. Ta karanci tattalin arziki a Jami'ar Sheffield, sannan ta kama aikin sakatariya a ofishin wani lauya a Landan. A lokutan hutunta ta koyi tuƙin jirgi, ta samu lasisi a 1929. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta koyi gyaran inji har ta zama mace ta farko a Birtaniya da aka ba lasisin injiniyan jirgi.

Gyaran nan ya yi mata rana. A ranar 5 ga Mayun 1930 ta tashi daga Croydon a wani ƙaramin jirgi na hannu ƙirar Gipsy Moth da ta raɗa wa suna Jason, wanda mahaifinta da attajirin mai Lord Wakefield suka taimaka aka saya. Ta sauka a Darwin ranar 24 ga watan, bayan tafiyar kusan kilomita 18,000, kuma ita ce mace ta farko da ta yi wannan tafiya ita kaɗai. Jaridar Daily Mail ta ba ta fam 10,000, Sarki George na Biyar ya ba ta lambar yabo ta CBE.

A 1932 ta auri matuƙin jirgi Jim Mollison, kuma a shekarar ta karya tarihin da shi ya kafa na tafiya daga Ingila zuwa Cape Town. Auren ya mutu a 1938.

Sai dai duk wannan suna bai buɗe mata ƙofar aiki mai ɗorewa ba. Kamfanonin jiragen sama na wancan zamani sun fi son ta a matsayin abin talla, kujerar matuƙi kuwa ta maza ce. Yaƙi ne ya sauya lissafin.

Da yaƙi ya ɓarke, Birtaniya ta kafa rundunar taimako ta Air Transport Auxiliary, wato ATA, domin ɗauko jiragen soji daga masana'anta ko wurin gyara zuwa sansanoni, don matuƙan yaƙi su fuskanci fagen daga. Fararen hula ne a cikinta: dattawa, da waɗanda soja ta ƙi ɗauka saboda larura, da mata ƙarƙashin jagorancin Pauline Gower. Amy ta shiga a 1940.

Aikin ba na neman suna ba ne, kuma haɗarinsa ba kaɗan ba. Suna tashi babu makami, galibi babu rediyo, da taswira da ido suke gane hanya. Idan gajimare ya rufe ƙasa, matuƙi ya shiga uku. Ga shi albashin mata bai kai na maza ba, sai a 1943 aka daidaita, Amy kuwa ba ta ga wannan rana ba. Kafin ƙarshen yaƙin rundunar ta yi jigilar jirage fiye da 300,000.

Irin wannan yanayi ne ya rutsa da ita a ranar ta ƙarshe, ga hazo ga tsananin sanyi. Ta kauce hanya da nisa, har ta fito ta mashigar Kogin Thames, inda ta diro da lema cikin ruwa. Ma'aikatan jirgin ruwan soji HMS Haslemere sun hango ta, suka jefa mata igiya, ba ta iya kamawa ba. Kwamandan jirgin, Walter Fletcher, ya faɗa ruwan da kansa wajen aikin ceton, sanyin ya yi ajalinsa bayan an kai shi asibiti.

Har yau ana jayayya kan abin da ya faru. Wasu sun ce mai ne ya ƙare mata, wani tsohon soja kuma ya yi iƙirari a 1999 cewa dakarun Birtaniya ne suka harbo jirgin bisa kuskure. Ba a taɓa samun gawarta ba. Shekararta 37. Jirginta Jason yana nan rataye a gidan tarihin kimiyya na Landan.