Pierre Curie: mutumin da ya matse dutse ya samu lantarki

Duk matar da aka yi wa hoton ciki a asibiti a Garwa, da duk wanda ke ɗaure da agogo mai batir, sun ci moriyar binciken Pierre Curie ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Haka ma injiniyoyin da ke neman tsaga a jikin gada tun kafin ido ya gan ta.

An haifi Pierre a birnin Paris ranar 15 ga Mayun 1859. Mahaifinsa likita ne, kuma a gida aka koyar da shi har ya shiga jami'ar Sorbonne, inda ya samu digiri yana ɗan shekara 18.

A 1880, shi da yayansa Jacques suka gano cewa idan aka matse wani dutse mai sheƙi da ake kira kwaz, lantarki na taruwa a gefensa. A 1881 masani Gabriel Lippmann ya nuna ta hanyar lissafi cewa akasin haka ma zai yiwu, wato idan aka ba dutsen lantarki zai motsa. 'Yan'uwan biyu suka gwada, suka tabbatar.

Wannan baiwa mai fuska biyu ita ce tushen na'urorin da ake binciken lafiyar gini da su a yau. Ana manna ƙananan faifai a jikin ƙarfe ko kankare, ɗaya ya aika girgiza, ɗaya ya saurara. Idan akwai tsaga a tsakaninsu, girgizar takan iso a sauye. Kafin a manna su, injiniyoyi kan gina kwaikwayon ginin a kwamfuta don su san inda ya dace a sa kowane faifai, da irin alamar da tsaga za ta bayar. Ga yankin da ya dogara da gadar kogin Binuwai da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, gano rauni da wuri magana ce ta rayuka da dukiya.

Pierre ya auri Marie Sklodowska, 'yar ƙasar Polan, a Yulin 1895, shekarar da ya kammala digirin dakta kan maganaɗisu. Da na'urar kwaz da shi da Jacques suka ƙera ne Marie ta riƙa auna hasken da wasu ma'adinai ke fitarwa, aikin da ya kai su ga gano sinadaran polonium da radium a 1898. A 1903 suka raba kyautar Nobel da Henri Becquerel, bayan Pierre ya nace cewa dole a sa sunan matarsa.

Bai ga amfanin lantarkin matsi a wajen ɗakin gwaji ba. Ranar 19 ga Afrilun 1906, ana ruwan sama, keken doki mai ɗauke da kaya ya take shi a titin Dauphine, ya mutu nan take yana da shekara 46. Ɗalibinsa Paul Langevin ne ya yi amfani da kwaz wajen neman jiragen ƙarƙashin teku a lokacin yaƙin duniya na ɗaya. A 1995 Faransa ta mayar da gawarwakin Pierre da Marie hubbaren Panthéon, makwancin gwarazanta.