Labarin Colenso, Limamin Natal da Aka Tuɓe

Ya ku malamai da attajirai, ga labarin wani limamin Kirista wanda aka yanke wa albashi saboda abin da ya rubuta, da yadda iyalinsa suka ƙare.

Sunansa John Colenso, an haife shi a 1814 a Ingila. Tun yana yaro ya san talauci, gama ruwan teku ya cinye ma'adinin da ubansa ya zuba dukiyarsa a ciki. Da ƙyar ya yi karatu a Kambirij, amma ya fita na biyu a ilmin lissafi a 1836. Yana koyarwa a makarantar Harrow gobara ta cinye gidansa, bashi ya yi masa katutu. Littattafan lissafi biyu da ya wallafa su ne suka fid da shi.

A 1853 aka naɗa shi bishop na Natal a Afirka ta Kudu, watau babban limamin ƙasar. Ya koyi harshen Zulu, ya rubuta nahawunsa da ƙamusunsa, har mutanen suka sa masa suna Sobantu, ma'ana uban jama'a. Suna cikin fassara, sai mataimakinsa William Ngidi ya yi masa tambayoyi masu wuya. Daga nan ya auna ƙididdigar da ke cikin littattafai biyar na farkon littafinsu da ma'aunin lissafi, ya wallafa a 1862 cewa ba a ɗaukarta bisa zahirinta.

Sai manyan addininsa suka yi masa ca. A 1863 Robert Gray, bishop na Cape Town, ya tuɓe shi. Ya ɗaukaka ƙara, a 1865 majalisar shari'a ta Sarauniya ta ce Gray ba shi da ikon yin haka. Duk da wannan, masu riƙe da asusun limaman ƙasashen mallaka suka hana shi albashinsa, jam'iyyar mishan kuma ta janye taimakonta. Ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga kuɗin shari'a. Masoyansa a Ingila, har da waɗanda ba su bin ra'ayinsa, suka yi karo-karo suka ba shi fiye da fam 3,000. Da wannan ya koma Natal, a 1866 kuma alƙali ya hukunta a biya shi haƙƙinsa.

Wahala ba ta rufe masa baki ba. Ya tsaya wa Langalibalele, sarkin Hlubi, a shari'ar da aka yi masa a 1874, ya kuma tsaya wa Cetshwayo, sarkin Zulu, a yaƙin 1879. Saboda haka Turawan Natal da suka goya masa baya a dā suka guje shi. Ya rasu ran 20 ga Yuni 1883.

Shekara guda bayan haka gobara ta cinye gidansa na Bishopstowe. Matarsa ta rasu a 1893. Babbar 'yarsa Harriette ta gaji halinsa, ta kashe abin hannunta wajen kare Dinuzulu ɗan Cetshwayo a gaban shari'a, har ta ci bashi. A 1910 aka kafa dokar da ta raba ta da ƙanwarta Agnes da filin ubansu. Suka tsufa cikin ƙuncin hali, su biyun suka rasu a 1932.

To, ku duba. Wanda ya riƙe abincin malami ya kan so ya riƙe harshensa, gudummawar masu hali ce ta hana a yi wa Colenso haka. Amma karo-karo na rana ɗaya ba ya kai wa ga marayu. Mai niyyar taimakon malami, ya tuna da waɗanda zai bari a baya.